Kunyar Malami Ba Ta Taka Birki

A garuruwanmu da wuya ka ji ɗan koyon mota yana tambayar ko ya iya. Abin da ke bakinsa shi ne, "Malam, yaushe lasisina zai fito?" Malamin kuma amsarsa a shirye take: "Ai hannunka ya faɗa, Alhaji, sauran hanya ce za ta koya maka." Da wannan magana ake sallamar mutane su hau titi, alhali iyakar abin da suka sani shi ne su tada mota, su zagaya filin Idi, su tsaya in an ce su tsaya. Hanya tana koyarwa, babu musu, amma kuɗin makarantarta da tsada yake. Wani da gaban motarsa yake biya, wani da ƙafarsa, wani kuma da ran ɗan mutane.

Ra'ayina a kan wannan lamari a fili yake. A ƙasar da jarrabawar tuƙi ba ta cika tankaɗe wanda bai iya ba, kusan duk nauyin yana kan malamin da ya koyar. Saboda haka dole ɗan koyo ya sa ido a kan malaminsa kamar yadda malamin ke sa ido a kansa. In ya ga bai iya koyarwa ba, ko ba ya tsoron Allah a cikin aikinsa, ya sauya shi ba tare da jin nauyi ba. Kuma kada ya bari takarda, ko ranar da aka sa masa ta jarrabawa, su yanke masa hukuncin cewa ya iya. Iya tuƙi yana da alamomi, kuma mai shi zai iya auna kansa da su.

A rubuce, tsarin Najeriya ba shi da laifi. Tun da aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, a 1988, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ake ta ƙoƙarin ɗinke ɓarakar da ke cikin harkar lasisi. Yau wanda ke neman lasisi karon farko sai ya cika shekara 18, ya shiga makarantar koyon tuƙi da hukumar ta amince da ita, ya kammala darasi 26 da aka ƙayyade, makarantar ta shigar da sunansa a kwamfuta ta ba shi takardar shaida. Daga nan a kai shi gaban jami'an duba motoci, VIO, su jarraba shi. In ya ci, ya biya kuɗin lasisi, takardunsa su bi ta ofishin tara haraji na jiha, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, a ba shi lasisin wucin gadi na kwana 60 kafin na dindindin ya fito, mai shekara 3 ko 5. Hukumomi uku ke nan, kowace da nata aikin, don kada ɗaya ta ci karenta babu babbaka.

Amma kowa ya san yadda ake yi. Akwai makarantun da ajinsu bai wuce benci ɗaya da allon da rana ta cinye ba, ainihin sana'arsu sayar da takardar shaida. Akwai 'yan kamasho da za su tare ka su ce, "Kawo kuɗi da hoto kawai, ba sai ka wahalar da kanka ba." FRSC da kanta ta sha dakatar da makarantun da aka kama suna fitar da shaida ga mutanen da ba su zauna darasi ba. Inda ake yin jarrabawar ma, sau da yawa ba ta wuce ka ja motar gaba, ka dawo da ita baya, ka amsa 'yan tambayoyi a kan alamomin hanya. Wannan ba zai bambance direba da wanda ya iya juya sitiyari kawai ba.

A Birtaniya jarrabawar tuƙi ta zama dole tun 1935. A can sai ka fara cin jarrabawar sanin dokokin hanya, wadda aka shigo da ita a 1996, yanzu kuma har da sashen da ake nuna maka bidiyon titi a ga ko za ka hango haɗari kafin ya iso. Sannan jami'i ya zauna a gefenka kusan minti 40 a kan titi na gaske, cikin motoci da mutane. Ana yafe ƙananan kurakurai har 15, amma babban kuskure guda ya isa ya kayar da kai, kuma fiye da rabin gwajin da ake yi faɗuwa ake yi. Malamin da ke karɓar kuɗi dole ya manna shaidarsa a gilashin gaba, koriya ga wanda ya kammala, ruwan hoda ga wanda shi ma yake kan koyon koyarwa. A irin wannan wuri, in malami ya yi ha'inci jarrabawa za ta tona masa asiri, ɗalibansa su yi ta faɗuwa har kasuwarsa ta mutu. A wurinmu kuwa, ɗalibin malamin kirki da ɗalibin malamin banza lasisi iri ɗaya suke riƙe da shi, sai a kan kwalta ake gane bambancinsu.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce haɗarin hanya yana kashe kusan mutum miliyan 1.19 a shekara, shi ne kuma kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29, kuma Afirka ce ta fi kowane yanki yawan mace-mace in aka kwatanta da yawan jama'a. A Najeriya, alƙaluman FRSC sun nuna mutuwar sama da mutum 5,000 a 2023, haka ma a 2024, kuma waɗannan su ne aka rubuta. Ba 'yan koyo ne suka jawo duka ba. Akwai lalacewar hanya, akwai tsofaffin tayoyi, akwai gajiyar direbobin dare. Sai dai gudun wuce sa'a, wanda hukumar ke sa wa a sahun gaba na dalilan haɗari, da wuce mota a inda bai kamata ba, ɗabi'u ne, kuma ɗabi'ar direba tana ginuwa ne a makonninsa na farko a bayan sitiyari, a gefen mutumin da ya koya masa.

To wane ne malamin da bai dace ba? Wanda aka fi saurin ganewa shi ne mai tsawa. Mota ta mutu a danja, ya hau faɗa: "Kai wane irin mutum ne? Sau nawa zan ce ka saki kuloci a hankali?" Wani har ya doke hannun ɗalibi daga kan giya. Ana ɗauka wannan zafin aiki ne, alhali ɓarna ce. Mutumin da ya tsorata ba hanya yake kallo ba, fuskar malam yake kallo. Abin da yake koya shi ne yadda zai kauce wa faɗa, kuma irinsa ne ke rikicewa ranar da yaro ya faɗo titi, ya taka totur yana zaton birki ne. Tuƙi aikin natsuwa ne, wanda ya kore maka natsuwa ya kore maka darasin gaba ɗaya.

Akwai kuma mai cin lokaci. An biya shi awa ɗaya, ya zo a makare, ya cika motar da ɗalibai huɗu, a tsaya gidan mai, a biya kasuwa ya karɓi saƙo, a ɗauko yaransa daga makaranta. In aka ƙirga, rabon kowa a kan sitiyari bai kai kwata ba. Yana gefe yana waya, kai kuma kana ta bin miƙaƙƙiyar hanyar da kuka bi jiya da shekaranjiya, don ita ce ba ta cin mai ba ta kuma ta da hankalinsa. A takarda an cika darasi 26, a zahiri darasi ɗaya aka maimaita.

Wanda ya fi waɗannan haɗari, a ganina, shi ne mai daɗin zama wanda ke tuƙa motar da bakinsa. "Rage, saki, yi dama, taka, tsaya." Hannunsa na kusa da sitiyari, ƙafarsa na kan birkin gefensa, yana gyara kuskurenka tun kafin ka san ka yi shi, kuma ba zai gaya maka ba. Kullum ka sauka da murna, mota ba ta mutu ba, ba a yi maka ham ba. Amma ba ka taɓa yanke shawara da kanka ba ko sau ɗaya: yaushe zan shiga wannan shataletale, wannan tazarar ta ishe ni ko in jira. Ranar da kujerar gefenka ta zama babu kowa, ranar za ka gane cewa shi ne direban.

Kuɗi ma yana lanƙwasa malami ta fuska biyu. Wanda ake biya darasi-darasi zai iya ja maka rai, kullum "da saura", ba tare da ya faɗi abin da ya rage ba. Wanda aka biya a dunƙule kuma so yake ya rabu da kai ya ɗauki wani, sai ya yabe ka tun ba ka kai ba. Duka biyun tambaya ɗaya ke kama su: "Malam, me da me na iya, me da me ya rage, kuma yaushe za mu yi su?" Malamin kirki zai lissafa maka nan take. Na banza zai yi ta kwana-kwana.

Sai masu gadar wa ɗalibi munanan ɗabi'u da sunan dabara. A sa mota firi a gangara don a rage shan mai, alhali direba ya rasa taimakon inji wajen riƙe ta. A danna ham a maimakon a duba madubi. A ɗaura bel sai in an hango jami'ai. A yi aron hannu in an ga cunkoso. A ce maka, "In kana ba da hanya a garin nan ba za ka isa gida ba, cusa kai kawai." Wanda aka raina a kan wannan, jami'an KAROTA a Kano ko takwarorinsu a Kaduna za su iya cin tararsa, amma ba za su iya cire masa abin da ya riga ya zauna a hannunsa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na ƙarshe, kuma mafi muni, shi ne wanda ke amfani da kaɗaicin mota ya takura wa mace: kalaman da ba su dace ba, riƙe hannu da sunan gyara sitiyari, kai ta lungunan da babu jama'a. Mata da yawa sun bar koyon mota saboda wannan, suka ce wa mutanen gida tsoron hanya suke ji. A nan babu batun haƙuri ko ba shi wata dama. A daina hawa motarsa a ranar, a gaya wa mai makaranta da mutanen gida, su kuma mutanen gida su yarda da maganarta. Mace na da haƙƙin ta zo da ɗan'uwanta ko ƙawarta su zauna a baya, ko ta nemi mace ta koya mata. Makarantar da ta ƙi wannan ta riga ta faɗi ko ita wace ce.

Ya kamata a yi adalci, domin ba kowane malami mai tsanani ne mugu ba. Wanda ya daka maka tsawar "Birki!" lokacin da babur ya gifta ya yi aikinsa. Wanda ya ƙi kai ka jarrabawa don ribas ɗinka bai zauna ba masoyinka ne, ko da ranka ya ɓaci. Ma'aunin shi ne abin da ke biyo bayan kuskure. Malamin kirki zai sa ka faka a gefe, ya tambaye ka me ka gani, ya nuna maka dalili, ya mayar da kai wurin ku sake. In ka sauka daga mota za ka iya faɗin abin da ka koya yau da abin da za ku yi gobe. Haka kuma wani lokaci laifin na ɗalibi ne: ya zo yau ya ɓace mako biyu, ya ƙi karanta dokokin hanya, yana son lasisi kafin Sallah ko kafin bikin ƙaninsa don a gan shi da mota. Irin wannan ko wa aka ba shi, zai ce malam bai iya ba.

Wani abin da muke mantawa shi ne ƙwarewa a tuƙi daban, iya koyar da shi daban. Yawancin tsofaffin direbobinmu a tasha suka tashi. Yaron mota ya yi shekaru yana wanke ta, yana canza taya, yana sa wejin katako in an tsaya a hawa, yana kallon hannun maigidansa daga Kano zuwa Legas, kafin a ba shi ya matsar da ita a cikin tasha. Wannan tarbiyya ta fitar da mutanen da suka san mota ciki da bai, suna jin ciwonta daga ƙarar inji. Amma wanda ya koya da ido a tsawon shekaru ba lalle ne ya iya warware wa ma'aikaciyar banki ko malamin makaranta abin da hannunsa ke yi a cikin wata ɗaya ba. Ya san lokacin sakin kuloci, bai san yadda zai faɗa ba, sai ya fusata don abin a wurinsa a bayyane yake. Makarantun da ke ɗaukar kowane direba su kira shi malami suna cutar da shi, suna cutar da ɗalibansa.

Me ya sa muke zama da irin waɗannan malamai har ƙarshe? Kunya ce. An tarbiyyantar da mu tun daga makarantar allo cewa malami ba a ja da shi, kuma wannan tarbiyya ce mai kyau a muhallinta. Ga kuma cewa sau da yawa wani ɗan'uwa ne ya haɗa ku, ko maigida ne ya biya kuɗin, ko malamin ya girme ka, kana tsoron a ce ka raina shi. Amma abin da ke tsakaninka da malamin tuƙi ciniki ne: ka ba da kuɗi, ya ɗauki amanar koya maka abin da rayukan mutane suka rataya a kansa. Telan da ya ɓata maka shadda sau biyu ba ka jin kunyar kai ɗinkinka wani shago, kuma kuna ci gaba da gaisawa. Shadda kuwa ana sayen wata.

Hanyar da ta dace ita ce a fara da magana, cikin ladabi, lokacin da mota ke tsaye. "Malam, don Allah ina da magana. In ka yi mini tsawa kaina ɗaurewa yake yi. Ka bari in na yi kuskure mu tsaya ka nuna mini." Ko kuma, "Malam, yau ina so ka yi shiru ka bar ni in tuƙa, sai in ka ga haɗari." Malamai da yawa ba su san suna yin abin ba, wasu za su gyara. Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta ranar kowane darasi, tsawon lokacin da ka yi a kan sitiyari, da abin da aka koya maka, domin shi ne hujjarka. In ba a ga sauyi ba, ka je wurin mai makaranta ka nemi a ba ka wani malami. Wannan ya fi sauƙi, tunda sunanka a wannan makarantar aka yi masa rajista. In kana shakka ko laifinka ne ko na malam, biya kuɗin darasi ɗaya a wurin wani. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma awa ɗaya da wanda ya iya aikinsa ta isa ta nuna maka inda matsalar take. In makarantar duka haka take, ka haƙura da abin da ka biya ka tafi. Asarar kuɗin darasi ba ta kai kuɗin gyaran gaban mota ba, balle kuɗin asibiti. In kuma an nemi sayar maka da shaida, ko an ci zarafinka, ofishin FRSC na jiharka ne wurin kai ƙara, don su suka ba makarantar izini.

Wanda bai riga ya biya ba ya fi kowa sa'a. Ya nemi ganin shaidar amincewar hukuma. Ya leƙa motar ya ga ko akwai birki na biyu a gefen malami, ko madubanta uku suna nan, ko bel yana aiki. Ya tambayi mutum nawa ake ɗauka a lokaci guda. Ya nemi biya kashi-kashi, ya karɓi rasit. Ya kuma tambayi wanda ya gama a wurin, musamman wanda ya ga tuƙinsa da idonsa.

Yanzu sai babbar tambaya: yaya ɗan koyo zai san ya isa jarrabawa? Alama ta farko ita ce shirun malami. In za ka iya tuƙi na rabin awa ko fiye a hanyar da ba ka saba da ita ba, malam bai ce komai ba sai "yi hagu, yi dama", bai taɓa sitiyari ba, bai taka birkinsa ba, kuma haka ta faru a ranaku daban-daban, to ka kusa. Zagayen fili ba ya cikin lissafi. Fili ba shi da A Daidaita Sahun da zai tsaya cak a gabanka don fasinja ya ɗaga hannu.

Sannan ka auna kanka da ayyuka sanannu. Ka iya tada mota a hawan gadar sama cikin cunkoso ba tare da ta zame baya ta bugi na bayanka ba? Ka san cewa a shataletale wanda ke ciki, wato mai zuwa daga hagunka, shi ke da hanya? Kafin ka sauya layi kana duba madubi, ka kunna sigina, ka waiga ta kafaɗa, ko sai an tuna maka? Wannan waigen ba ƙawa ba ne, akwai wani gefe da madubi ba ya nunawa, kuma nan babur ke ɓuya. Ka iya ribas ka shiga tsakanin motoci biyu? Ka taɓa gwada tsayawar gaggawa har ka ji yadda mota ke yi? Ka bambance alamar gargaɗi mai kusurwa uku da alamar hani mai jan da'ira, ka san cewa layin da bai yanke ba a tsakiyar titi yana hana ka wuce mota? Ka san iyakar gudun ƙaramar mota: kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya?

Akwai kuma lissafin da kowane direba ya kamata ya haddace. A gudun kilomita 50 mota tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, a gudun 100 kusan mita 28. Kallo ɗaya a waya ya isa ka wuce tsawon gidaje ba ka ga komai ba. In ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya yana ninkuwa sau huɗu. Shi ya sa ake barin tazarar aƙalla daƙiƙa biyu tsakaninka da na gabanka, a ƙara ta in ana ruwa ko hazo ya sauko. Malamin da bai taɓa faɗa maka wannan ba, bai taɓa fita da kai da dare ba, bai kai ka babbar hanya ka ji yadda iskar tirela ke girgiza ƙaramar mota ba, bai gama aikinsa ba.

Alama ta ƙarshe ita ce ido da zuciya. Direban da ya isa yana hango abu kafin ya faru. Ƙwallo ta gangaro titi, ya san yaro na biye. Akuya ɗaya ta tsallaka, ya san 'yar'uwarta na tafe. Ya ga motar haya ta rage gudu a bakin kasuwa, ya san ƙofa za ta buɗe. Kuma in motarsa ta mutu a tsakiyar mahaɗa, na baya suka cika shi da ham suna kiran "Lana!", ba ya rikicewa, ba ya ramawa, sai ya tada ita ya wuce. Wanda zagin ɗan A Daidaita Sahu ke sa shi taka totur bai isa ba tukuna, ko da ya iya komai.

Kafin ranar jarrabawa, nemi wani tsohon direba mai lasisi wanda ba ya yabon banza, ba malaminka ba, ka manna alamar L gaba da baya, ka riƙe takardar izinin koyo, ya zauna gefenka ya jarraba ka kamar baƙo. In ya ce da saura, ka ɗaga ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kuma ya ce ka isa, fargabar da kake ji ba hujja ba ce ta janyewa, kowa na jin ta. Ka je ka yi. In ka faɗi ka tambayi dalili, ka gyara, ka koma. Faɗuwa a jarrabawa ba abin kunya ba ne, sayen lasisi ne abin kunya, kuma wanda ya saya ya sani cewa duk abin da ya faru da hannunsa yana da kaso a cikin alhakin.

Hukumomi ma suna da nasu aikin. Gwamnatocin jihohi su ba jami'an VIO kayan aiki da lokaci su riƙa jarraba mutane a kan titi na gaske. FRSC ta sa kowane malami ya rataya shaidarsa inda ɗalibi zai gani, ta riƙa kai ziyarar ba-zata, ta kuma yaɗa sunayen makarantun da ta dakatar a gidajen rediyo da Hausa. A koyar da dokokin hanya da harshen da ɗalibi ke ji, a yi wa wanda bai yi boko ba jarrabawar baka. A ƙarfafa wa mata gwiwa su shiga sana'ar koyarwa. Iyaye da mazaje kuma su daina miƙa makulli don kawai lasisi ya fito, su zauna a gefe su ga tuƙin da idonsu.

Amma kafin duk wannan ya tabbata, hukuncin yana hannunka, kai ɗan koyo, ke 'yar koyo. Tambayi malaminka abin da ya rage maka, ka rubuta, ka bi shi ɗaya bayan ɗaya. In ya koya maka da gaskiya ka gode masa ka turo masa wasu. In ya gaza, ka yi masa sallama cikin mutunci ka nemi wani tun kafin ka karɓi lasisi. Allah ya tsare mu a hanya, mu ma mu yi namu.